Makomar Fitar da Jakunkuna, Bel da Sauran Kayan Ƙawa na Fata a Lokacin Koma-bayan Tattalin Arziki

Jakar hannu, da bel, da alabe, da takalmin ado, kaya ne waɗanda mai saye yake iya jinkirta sayensu ba tare da ya cutu ba. Saboda haka su ne kan fara jin jiki a duk lokacin da aljihun jama'a ya tsuke. A shekarar 2009 yawan hajar da aka yi cinikinta tsakanin ƙasashen duniya ya ragu da kimanin kashi 12 cikin ɗari, a shekarar 2020 kuwa kasuwar kayan ƙawa masu tsada ta duniya ta faɗi da fiye da kashi 20 cikin ɗari. Wannan al'amari ya shafi majeman Challawa da Sharaɗa a Kano, da dukawan cikin birni, da masu ɗinkin takalma da jaka na kasuwar Ariaria a Aba, amma kowanne da irin yadda ya shafe shi.

Babban abin da Nijeriya take fitarwa a wannan fanni shi ne jemammiyar fatar akuya da ta tunkiya, wadda masana'antun Italiya da Sifen suke ƙarasawa su mayar da ita jaka da takalmi. Idan manyan kantunan Turai suka rage oda, majemin Kano zai ji a cikin 'yan watanni, domin kasuwarsa tana hannun masu saye ƙalilan. Mai ɗinkin Aba kuwa kasuwarsa tana Kamaru da Gana da Togo da sauran maƙwabta, kuma sau da yawa matsin tattalin arziki yakan kawo masa sababbin masu saye, waɗanda kayan Turai suka fi ƙarfinsu. Abin da ya fi cutar da shi shi ne toshewar hanya, kamar rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020.

Akan ce faɗuwar darajar naira alheri ce ga mai fitar da kaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta kawai. A watan Yuni na 2016, shekarar da tattalin arzikin ƙasa ya ja baya da kimanin kashi 1.6 cikin ɗari, dala ta tashi daga naira 197 zuwa kusan 280 a farashin hukuma. Bayan sauyin watan Yuni na 2023 kuwa ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Lalle dalar da aka samo ta ƙara auki. To amma sinadarin jima, da rini, da gam, da zif, da maɗaurin ƙarfe, da injin ɗinki, akasarinsu da dala ake shigo da su. Ga kuɗin man janareta, ga ruwan bashin banki. Bugu da ƙari ɗanyar fatar shanu ma ba ta wadatar masana'antu, tun da yake kaso mai yawa nata yana tafiya tukunya a matsayin ganda. Wanda ke amfana da faɗuwar naira shi ne wanda yawancin kayan aikinsa na gida ne, kuma irinsa ba su da yawa.

Ta fuskar tallafin gwamnati, shirin bunƙasa fitar da kaya na EEG, wanda Hukumar Haɓaka Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya take gudanarwa, an dakatar da shi a 2014, aka maido shi a 2017. Wato bai kasance ba a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Darasin da ke ciki ga ɗan kasuwa shi ne kada ya sanya tallafi cikin lissafin farashinsa sai ya shiga hannu.

Akwai kuma shingen da bai da alaƙa da koma-baya. Tun daga watan Mayu na 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jikin mutum idan sinadarin kuromiyom mai guba da ke cikinsu ya kai miligiram 3 a kowane kilo. A lokacin da kasuwa ta yi sanyi, dillali yakan tsananta bincike, kuma ɗan kuskure a ɗinki ko a launi ya isa hujjar mayar da kaya. A nan jimar gargajiya da ake yi da bagaruwa tana da fifiko, domin ba ta amfani da wannan sinadari, in dai za a iya samar da kaya iri ɗaya da yawa a kan lokaci.

A ganinmu, hanyar da ta fi buɗewa ita ce ta Afirka. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar a Yamai a watan Yuli na 2019, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu, 2021. Amma rangwamen harajin fito sai da takardar shaidar asalin kaya, alhali yawancin jakunkunan Aba da takalman Kano suna ƙetare iyaka ne a hannun fatake, ba rajista, ba takardar fitarwa ta banki.