Injin Neman Ƙarfe A Ƙasa, Da Iyakar Zurfin Da Ya Ke Ji

Cikin shekarar 2014 aka sami zinariya a Jado, can cikin hamada a arewa maso gabashin ƙasar Nijar. Labari ya bazu, samari suka yi ta barin gida suna bi ta Agadas, kowa da burinsa. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne wani inji mai sanda da faifai a gindinta, wanda a ke shafawa bisa rairayi, in ya zo kan ƙarfe sai ya yi kuka. Gwamnatin Nijar ta rufe wurin a 2017, amma zancen injin bai mutu ba.

Illela kuwa tana bakin iyaka, kamar mil 50 arewa da Sakkwato, tana kallon Birnin Ƙwanni, a kan hanyar da ta bi ta Tawa har Agadas. Kome aka faɗa can, sai an ji shi a kasuwarta. Har wani ya kan ce injin yana ganin tulun kuɗi a zurfin gaba goma. To, kafin manomi ya kai bijimin nomansa kara domin ya sayi wannan abu, ya kamata ya san yadda ya ke aiki, da yadda a ke haɗa ƙaraminsa a gida, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

YADDA YA KE AIKI

Faifan nan ba kome ba ne illa wayar jan ƙarfe da aka naɗe kamar gammo. In wutar batir tana kai da kawowa da sauri cikin naɗin, sai ƙarfi irin na mayen ƙarfe ya kewaye shi, ya ratsa ƙasa. In ƙarfin nan ya tarar da ƙarfe, sai ya ta da 'yar wuta a jikinsa, ita kuma ta mayar da nata ƙarfin zuwa ga naɗin, ta dagula tafiyar wutarsa. Wannan dagulawa ita ce kukan da a ke ji. Watau injin ba gani ya ke yi ba. Tulun yumɓu, ko takardar kuɗi, ko ƙashi, duk ba ya jinsu.

Dabarar tsohuwa ce. A 1881 aka harbi Shugaban Amurka, James Garfield, likitoci suka rasa inda harsashi ya shige. Alexander Graham Bell, mutumin nan da ya shahara da ƙago tarho, ya kawo irin wannan inji domin ya nemo shi. Bai dace ba, an ce wayoyin ƙarfe na gadon da Shugaban ke kwance a kai suna cikin abin da ya ruɗe shi. A 1941 kuma wani hafsan Folan mai suna Kosacki ya ƙera wanda soja za su iya ɗauka a hannu, aka nemi nakiyoyi da shi a yaƙin Alamen, cikin Masar, a 1942.

YADDA A KE HAƊA SHI

Aikin na manomi ne da mai gyaran rediyo. A nemi sandar gora mai tsawon ƙafa 4, da falankin katako ko roba da aka yanke kamar faifai, faɗinsa inci 8. A samo siririyar wayar jan ƙarfe mai fenti, irin ta naɗin fanka, a zagaya bakin faifan da ita sau 20, a ɗaure tam da zare, a shafe da gam don kada ta motsa. Kada a sa ƙusa ko ɗaya kusa da faifan, da igiya ko gam za a haɗa shi da sandar.

Mai gyara shi zai haɗa bakunan wayar biyu da taransista guda, da 'yan kwandensa da rasista, da abin murɗa tasha na mataccen rediyo, da batir mai bolt 9. Duka su shiga ɗan akwatin roba, a ɗaure shi can sama kusa da hannu. A gefensa a ɗaura ƙaramin rediyo mai kama matsakaicin zango.

A kama wata tasha da ke fita sosai, sa'an nan a murɗa na injin sannu sannu har a ji fito ya hau kan muryar tashar. A daidaita shi har fiton ya yi kauri. Yanzu in faifai ya kusanci ƙarfe, fiton zai tashi ko ya sauka. Mai aiki ya cire zobe da agogo, ya riƙe faifan kamar inci ɗaya bisa ƙasa, yana shafawa dama da hagu a hankali, yana tafiya layi layi kamar mai shuka. A jira raɓa ta bushe, gama jiƙaƙƙiyar ciyawa tana sa shi kukan ƙarya.

INA IYAKARSA?

A nan ne a ke cutar mutane. Ƙarfin injin yana raguwa a tafiya, yana kuma raguwa a dawowa. Masana sun lissafa cewa ƙaramin abu, in zurfinsa ya ninka sau biyu, abin da zai komo wa faifai ya kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin 64. In ya ninka sau uku, ɗaya cikin 729. Saboda haka ƙara batir ba ya ƙara zurfin kirki.

Kowa ya iya gwadawa da kansa. A binne tsohon kwabo mai huji, da bakin hauya, da garwa, kowanne a raminsa, a riƙa ƙara zurfi har injin ya yi shiru. Na gida zai ji kwabo a 'yan inci kaɗan, hauya wajen ƙafa ɗaya, garwa ƙafa biyu ko kusa da haka. Na kanti mai tsada ma, da wuya ya ji kwabo a zurfin da ya wuce ƙafa ɗaya da 'yan kai.

Mai son zurfi sai ya faɗaɗa naɗin. Akwai mai faɗin yadi guda, wanda mutum biyu ke ɗauka, yana aika wuta bugu bugu. Wannan yana jin babban abu kamar duro a zurfin gaba guda ko fiye kaɗan, amma zai bi ta kan zobe bai ji ba, haɗa shi kuma ya fi ƙarfin mai gyaran ƙauye. Duk wanda ya ce injinsa yana jin abu a gaba goma, ko yana nuna zinariya daga nesa, a ce masa ya juya baya a binne garwa, ya nemo ta a gaban shaidu. Gani ya kori ji.

ƘASAR ILLELA

Zinariyar Jado dunƙule-dunƙule ce kusa da fuskar ƙasa, shi ya sa injin ya yi rana a can. Ƙasar Illela dabam ce. Rairayi ne da yumɓu da dutsen farar ƙasa, irin wanda a ke yin siminti da shi a Kalambaina, waɗanda suka kwanta bisa juna tun zamanin da teku ya rufe wurin. Zinariyar wannan yanki tana cikin tsofaffin duwatsu na wajen Anka da Maru da Yawuri. Har wa yau marmarar da ke kan tuddai tana da ƙarfe a jikinta, ta kan sa inji kuka a banza, mutum ya yini yana haƙa.

Ko a Zamfara ma, yawancin zinariyar gari ce cikin dutse, inji ba ya jinta, sai an daka an wanke. Dakan nan a cikin gidaje shi ya kawo gubar dalma a 2010, wadda ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

A kuma tuna da doka. Bisa dokar ma'adinai ta 2007, dukan ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ba a haƙa sai da lasin. Kayan mutanen da kuwa, dokar 1979 ta sa su a hannun Hukumar Gidajen Tarihi, wanda ya tono su wajibi ne ya kai rahoto. Ba a shiga gonar wani sai da izninsa, ba a taɓa maƙabarta, ba a yawo da inji da dare a bakin iyaka.

AMFANINSA GA MANOMI

Duk da haka ɗan injin gida yana da ranarsa. Noti ko bakin garmar shanu da ya faɗi cikin kunya ana tsakiyar huɗa, yana nemo shi kafin rana ta yi. Masu lambun albasa a fadamar Kalmalo suna iya gano bakin bututun ƙarfe da laka ta rufe bayan damina. Turken safiyo mai ƙarfe a ciki, wanda iska ta binne, in an gano shi a gaban hakimi ko dagaci ya kan kashe rigimar iyakar gona. Yana kuma tsince ƙusoshi da guntayen waya a garke da wurin ba da harawa, gama saniya ta kan haɗiye ƙusa ta huda mata tumbi har ta taɓa zuciya, ta yi ta ramewa ba a san dalili ba.

Inji ɗaya ya ishi ƙauye, a ajiye shi wurin shugaban ƙungiyar manoma, mai bukata ya ara. Kuɗinsa ba zai kai na akuya ba. Amma wanda ya sayar da bijimi ko ya jinginar da gona saboda tulun da ba wanda ya taɓa gani, damina za ta same shi ba shanu ba hatsi, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.