Ƙwallo, ibada da suna: wasanni da zaman ɗalibai a jami'ar Liberty ta Amurka

0. Gabatarwa

Wanda ya yi karatu bisa tsarin Faransa, kamar akasarinmu, bai saba haɗa sunan jami'a da na ƙungiyar wasa ba. A wannan tsari, wasan da jama'a ke biyan kuɗi su kalla na ƙungiyoyin gari ne, na jami'a kuwa motsa jiki ne na ranar hutu. A Amurka, jami'o'i da kansu ke da manyan ƙungiyoyi, da filayen da ke ɗaukar dubban ƴan kallo, da yarjejeniya da gidajen telebijin.

A cikin wannan ƙasida za mu ɗauki misali guda, wato jami'ar Liberty da ke garin Lynchburg, cikin jihar Virginia, wadda ke cikin manyan jami'o'in Kirista na duniya ta fuskar yawan ɗalibai. Abin da muke so mu nuna shi ne, a wannan jami'a wasanni da ƙa'idojin zaman ɗalibai aiki guda suke yi, wato gina suna, kuma sunan nan shi ne jarin da jami'ar ke juyawa. Za mu fara da kalmomi, sa'annan mu dubi tarihi, da kuɗi, da zaman haraba, kana mu ƙare da matsalar da wannan tsari ya haifar.

1. Kalma mai harshen damo

Taken da jami'ar ke tallata kanta da shi yana cewa aikinta shi ne horar da « champions » domin Almasihu. Wannan kalma Ingilishi ya aro ta daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latin na baya-baya, « campio », wadda ke komawa ga « campus », wato fili, musamman filin daga. Ke nan kalmar da ake kiran harabar jami'a da ita da wadda ake kiran gwanin wasa da ita tushensu guda.

Ma'anarta ta asali ita ce mutumin da ke shiga fili ya yi faɗa a madadin wani, ko don kare wata aƙida. Ma'anar wanda ya fi kowa a gasa daga baya ta zo. Mai fassara zuwa Hausa dole ne ya zaɓa: ko ya ce zakara, ko ya ce mai tsaya wa wani. Ingilishi da Faransanci ba su tilasta wannan zaɓi. Saboda haka taken yana da harshen damo: limamin coci yana jin ma'ana ta farko, mai horar da ƴan wasa yana jin ta biyu, kuma kowannensu na ganin da shi ake.

Haɗa ibada da wasa ba sabon abu ne ba a cikin Kiristanci. A wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, sura ta 9, Bulus ya kwatanta mai bi da ɗan tsere wanda ke horar da jikinsa don samun lada. Ƙwallon kwando ma a makarantar ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA aka ƙago shi, a Springfield, a shekara ta 1891, a hannun James Naismith. Abin da Liberty ta ƙara shi ne mayar da wannan kwatanci tsarin tafiyar da jami'a.

2. Daga ɗalibai 154 zuwa matakin ƙoli

Jerry Falwell, limamin cocin Baftis mai wa'azi a telebijin, shi da Elmer Towns suka kafa makarantar a shekara ta 1971 da ɗalibai 154. Ta zama jami'a da sunanta na yanzu a 1985. Tun da farko Falwell ya sha faɗa cewa burinsa shi ne Liberty ta zama wa Kiristoci ƴan bishara abin da Notre Dame ta zama wa ƴan Katolika, da abin da Brigham Young ta zama wa ƴan ɗarikar Mormon. Jami'o'in nan biyu kuwa, yawancin Amurkawa ta hanyar ƙwallon Amurka suka san su. Wannan wasa ba tamola ce irin wadda muka sani ba: da hannu aka fi ɗaukar ƙwallon, ana gudu da shi, ana karo da juna cikin hular kwano.

Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta kasa su rukuni uku tun 1973. A ƙwallon Amurka, rukunin farko ya rabu gida biyu a 1978. Tun 2006 ana kiran na sama FBS, na ƙasa FCS. Liberty ta kafa ƙungiyarta a 1973, ta shiga gidan ƙasa na rukunin farko a 1988, ta buɗe filinta na Williams a 1989.

Hawa gidan sama ya ɗauki kusan shekara talatin. A ƙa'ida, sai wani gungun jami'o'in FBS masu gasa da juna ya gayyaci jami'a kafin ta hau. Liberty ba ta samu gayyata ba. A watan Fabrairu na 2017 NCAA ta ɗauke mata wannan sharaɗi, bayan ta nuna tana da ƙarfin ɗaukar nauyin kanta. Ta soma wasa a FBS a 2018 ba tare da gungu ba, kuma sai a 2023 ta shiga Conference USA. A wannan shekara ta ci wasanninta 13 a jere, abin da ya kai ta babban wasan Fiesta Bowl na ranar 1 ga Janairun 2024, inda Oregon ta doke ta da ci 45 da 6. Kayen ya nuna tazarar da ta rage tsakaninta da manya. Amma miliyoyin mutane sun ga sunanta a telebijin ranar sabuwar shekara, wanda shi ne abin da Falwell ya nema tun farko.

3. Wa ke biya?

Jami'o'in FBS ƴan kaɗan ne wasanni ke kawo musu fiye da abin da suke kashewa. Sauran duka daga asusun jami'a ko kuɗin ɗalibai suke cike giɓi. Nauyin kuwa ba kaɗan ba ne: har zuwa 2025 jami'ar FBS na iya ɗaukar nauyin karatun ƴan ƙwallo 85, alhali ta FCS ba ta wuce kwatankwacin 63, dole ta riƙe wasanni aƙalla 16, kuma dokar tarayya ta 1972 da ake kira Title IX ta wajabta ba mata dama daidai da maza.

A cikin shekarun 1990 Liberty ba ta da halin wannan. Abin kunyar da ya samu wasu masu wa'azin telebijin a 1987 da 1988 ya sa gudummawar masu bi ta ragu ƙwarai, bashi ya yi wa jami'ar katutu. Da Falwell ya rasu a watan Mayu na 2007, kuɗin inshorar ransa, kimanin dalar Amurka miliyon 34, akasarinsu wajen biyan bashin jami'a suka tafi.

Arzikin ya zo ta wata hanya. Tun 1985 jami'ar ke da sashen karatu daga nesa, inda ake aika wa ɗalibi darussa cikin kaset ɗin bidiyo. A zamanin ɗansa, Jerry Falwell ƙarami, wanda ya shugabanci jami'ar daga 2007 zuwa 2020, sashen ya koma intanet ya bunƙasa. A farkon shekarun 2020 masu karatu ta intanet sun haura 100 000, alhali mazauna haraba ba su wuce 15 000 zuwa 16 000 ba. Akasarin na intanet manya ne masu aiki da iyali, da yawansu sojoji ne ko tsofaffin sojoji. Koyar da su ba ya bukatar aji, ko ɗakin kwana, ko gidan abinci, don haka rarar da ake samu a kansu tana da yawa. Kuɗin da suke biya kuma, babban kashi daga gwamnatin tarayya yake fitowa: a 2017 ɗaliban Liberty sun karɓi fiye da dalar Amurka miliyon 770 daga ma'aikatar ilimi, mafi yawa a matsayin rance da za su biya daga baya.

Ke nan jami'o'i biyu ne ƙarƙashin suna guda: ɗaya ana ganinta, ɗaya tana biya. Wasa shi ne gadar da ke tsakaninsu. Ɗalibin da bai taɓa taka Lynchburg ba yana bukatar mai ɗaukar aiki ya san sunan da ke bisa takardar shaidarsa. In ƙungiya ta fito a telebijin ranar Asabar, jami'ar ta zama wuri na gaske a idon jama'a, mai fili da tuta da ƴan kallo. Abin da ake kashewa kan filin Williams, wanda aka faɗaɗa zuwa kujeru 25 000 a 2018, kuɗin talla ne kafin ya zama kuɗin wasa.

Ƴan wasan fa? Kalmar da NCAA ke kiransu da ita, « student-athlete », wato ɗalibi-ɗan wasa, ita ma tana da tarihi. An yaɗa ta a shekarun 1950, zamanin shugabancin Walter Byers, domin kada kotu ta ɗauki ɗan wasan da ya ji rauni a matsayin ma'aikaci mai haƙƙin diyya. Tsarin kalmar kansa hujja ne: ɗalibi a gaba, ɗan wasa a baya. Wannan katanga ta soma rushewa. Tun Yulin 2021 ɗan wasa na iya cin kuɗin sunansa da hotonsa, kuma tun 2025, bayan wani sulhu da kotu ta amince da shi, jami'a na iya biyan ƴan wasanta kai tsaye, har kimanin dalar Amurka miliyon 20 a shekarar farko. Ga jami'ar da ke kiran wasa hidimar addini, wannan sauyi na ƙara wahalar riƙe ma'anonin « champion » biyu a wuri guda.

4. Zaman haraba

Zaman ɗalibi a Lynchburg yana ƙarƙashin kundin ƙa'idoji mai suna Liberty Way. Kundin ya hana shan giya, ya hana jima'i a wajen auren mace da namiji, ya raba gidajen kwanan maza da na mata, ya sa wa ƙananan ɗalibai lokacin komawa ɗaki da dare. Wanda ya karya ƙa'ida ana rubuta masa maki, a ci shi tara, ko a sa shi aikin horo, har ya kai ga kora. A kowane gidan kwana akwai ɗaliban da aka ɗora wa jagorancin ƙananan rukunonin addu'a. Ana kuma bukatar ɗalibi ya yi sa'o'in aikin taimakon jama'a a kowane zangon karatu.

Babban taron mako shi ne wanda ake kira Convocation. Halartarsa wajibi ne ga mazauna haraba, kuma a zauren Vines ake yin sa, wanda aka buɗe a 1990 a matsayin gidan ƙwallon kwando. Zauren da aka yi ihun cin ƙwallo cikinsa, nan ake waƙar yabo da wa'azi. Nan ne kuma ƴan siyasa ke zuwa: Ted Cruz ya bayyana takararsa ta shugaban ƙasa a wurin a Maris na 2015, Bernie Sanders ya yi jawabi a Satumba na wannan shekara, Donald Trump a Janairun 2016.

Tun da an rufe wa ɗalibi ƙofar mashaya da shagalin dare irin na sauran jami'o'i, dole a buɗe masa wata. Wasa ke cika wannan gurbi: ban da ƙungiyoyi kimanin 20 na rukunin farko, akwai gasa tsakanin gidajen kwana, da filin ƙanƙara, har da gangaren sulu na roba da aka buɗe a 2009, wanda ake hawa rani da damina. Ga iyaye, kundin ƙa'idoji alkawari ne na tarbiyya. Ga ƴaƴansu, filin wasa alkawari ne cewa ba za su rasa abin da tsararsu ke morewa ba. Jami'ar na sayar da alkawuran biyu tare.

5. Inda suna ya yi karo da haƙƙi

Idan suna ya zama jari, duk abin da zai taɓa shi asara ne, kuma hukuma na iya fifita rufa asiri bisa gyara. A 2016 Liberty ta ɗauki Ian McCaw shugaban sashen wasanni, watanni kaɗan bayan ya yi murabus daga jami'ar Baylor, wadda ke cikin rikici kan yadda ta tafiyar da ƙorafe-ƙorafen fyaɗe da suka shafi ƴan wasa. A Yunin 2020 wasu ƴan wasa baƙar fata sun bar jami'ar, suna kuka da halin shugabanninta kan batun launin fata. A Agustan wannan shekara Falwell ƙarami ya sauka daga mulki cikin abin kunya.

Mafi nauyi shi ne abin da ya biyo baya. A Yulin 2021 mata 12 suka kai jami'ar kotu. Suka ce kundin ƙa'idoji na hana wadda aka yi wa fyaɗe kai ƙara, domin tana tsoron a hukunta ta kan shan giya ko shiga ɗakin namiji. An sasanta da akasarinsu a 2022. A Maris na 2024 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ci jami'ar tarar dalar Amurka miliyon 14 saboda karya dokar Clery ta 1990, wadda ta wajabta wa jami'o'i ƙididdige laifuffukan da ake aikatawa a haraba da sanar da ɗalibai. Kafin nan, tara mafi girma ƙarƙashin wannan doka ita ce miliyon 4,5 da aka ci jami'ar jihar Michigan a 2019. Jami'ar ta amince da biya, ta kuma ɗauki alkawarin kashe ƙarin miliyon 2 kan tsaron ɗalibai.

Abin lura a nan shi ne yadda ƙa'idar da aka rubuta don kare ɗalibi ta koma abin rufe masa baki. Ba sai an yi nufin haka ba. Ya isa a ce hukumar da ke hukunta mai shan giya ita ce ke karɓar kukan wadda aka zalunta, kuma ita ce ke tsaron sunan gida.

6. Kammalawa

Mun ga cewa a Liberty abubuwa uku ke riƙe da juna: karatun intanet na kawo kuɗi, wasa na kawo suna, ƙa'idojin haraba na ba sunan launin addini. Tsarin ya yi aiki, tun da makarantar da bashi ya kusa durƙusarwa a shekarun 1990 ta kai Fiesta Bowl cikin shekara talatin. Amma ya bar tambayoyi biyu ga mai bincike. Ta farko, wane rabo ɗalibin nesa ke samu daga filin da rancensa ya taimaka wajen ginawa? Ta biyu, wa ke tsaya wa ɗalibar haraba in haƙƙinta ya ci karo da sunan jami'a? Tsohuwar ma'anar « champion », wato mai shiga fili a madadin wanda ba ya iyawa, ita ce ma'aunin da ya dace a auna jami'ar da shi, domin ita da kanta ta zaɓi kalmar.