LAMBA 70079: YADDA TAKARDAR INSHORA TA CECI TSOHUWAR MOTAR ELVIS PRESLEY

A garejojin da ke kewaye da tashar motar Television, a kudancin Kogin Kaduna, ba abin mamaki ba ne a ga makaniki ya ɗaga injin mota da sarƙa ya ajiye gefe, sa'an nan ya dasa na wata mota dabam a gurbinsa. In sabon injin ya ƙi zama, sai a kira mai walda ya yanke abin da ya tokare, ya ƙara abin da ya gaza. Mai mota ya biya ya kama hanya, ba kuwa wanda zai rubuta ko layi guda game da abin da aka cire da abin da aka sa. Da wannan dabara ce tsofaffin motoci masu yawa suke ci gaba da ɗaukar fasinja, babu kuma mai hankalin da zai raina ta. Sai dai akwai abin da kan salwanta duk lokacin da aka yi haka, watau tarihin motar. Labarin wata mota ƙirar Jamus, wadda aka yi wa irin wannan aiki a Amurka a farkon shekarun 1960, ya isa ya nuna girman abin da kan ɓace.

Motar ita ce BMW 507, mai kujeru biyu kacal, ba ta da rufi sai na tamfol da ake naɗewa, irin wadda ake ƙerawa don gudu da shan iska. Wani dillalin motoci da ke New York mai suna Max Hoffman shi ne ya matsa wa kamfanin BMW na birnin Munich ya yi ta, domin a ganinsa attajiran Amurka za su yi rububinta in an sayar da ita a kan dala 5,000. Albrecht von Goertz ne ya zana siffarta. An yi jikinta da alminiyam, maƙera suna bugawa da hannu, aka sa mata inji mai silinda 8, lita 3.2, mai ƙarfin doki 150. An nuna ta ga jama'a a 1955, aka fara ƙera ta a 1956.

Lissafin dillali bai zo daidai da na ma'aikata ba. Aikin hannu ya ci kuɗi, farashi ya tashi zuwa dala 9,000, daga baya ma ya haura 10,000, masu saye suka ja da baya. Zuwa 1959 da aka daina yin ta, motoci kimanin 250 kawai aka ƙera, kowacce kuwa da hasara aka sayar da ita. Wannan hasara, haɗe da ta manyan motocin alfarma na kamfanin, ta kai BMW bakin durƙushewa, har aka kawo shawarar a miƙa shi ga abokin hamayyarsa Daimler-Benz, mai yin Marsandi. Masu hannun jari suka ƙi amincewa a taronsu na ran 9 ga Disamba, 1959, daga nan ne Herbert Quandt ya zuba kuɗinsa ya ceto kamfanin.

Daga direban tsere zuwa mawaƙi

Kowace mota tana da lambar da aka buga a ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, wanda makanikai ke kira shasi. Wadda ake magana a kanta lambarta 70079. Ta fito daga ma'aikata cikin watan Satumba na 1957, fara fat, aka kai ta bajekolin motoci na Frankfurt, daga can zuwa na London. A 1958 shahararren direban tsere Hans Stuck, wanda ya yi suna tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu wajen tseren hawan duwatsu, ya shiga gasa da ita ya ci nasara a wurare da dama. Da kakar tsere ta ƙare sai aka gyara ta, aka kai ta wurin wani dillali a Frankfurt.

A daidai wannan lokaci ne mawaƙin nan Elvis Presley, yana da shekara 23, ya iso Jamus ta Yamma a matsayin sojan Amurka, aka ajiye shi a barikin Friedberg. Cikin Disamba na 1958 ya karɓi motar, ya riƙa zuwa aiki da ita daga gidansa a Bad Nauheim. Labarin da ake bayarwa shi ne 'yan mata masu sha'awar waƙoƙinsa sun dame shi da rubuta saƙonni da jan-baki a jikin farar motar, don haka ya sa aka yi mata jan fenti.

Da ya gama aikin soja a watan Maris na 1960, motar ta bi shi Amurka, amma ba ta daɗe a hannunsa ba. Ta hannun wani dillali a New York ta faɗa wurin wani ma'aikacin gidan rediyo a jihar Alabama, mutum mai son tsere. Shi ne ya yi mata aikin da duk makanikin Television zai gane da kallo ɗaya: ya fitar da injinta ya sa na Chevrolet, da ya ƙi shiga aka yanke wani sashe na shasi, aka canja akwatin giya da ƙarfen ƙafafun baya da agogunan gaban direba. Ya ci tsere da ita a Daytona Beach, ya sayar a 1963. Injinta na asali kuwa tun daga ran nan ba a sake ganinsa ba.

A 1968 wani injiniya mazaunin jihar Kalifoniya ya saye ta. Ya ɗan hau ta, sa'an nan ya ajiye ta a wani sito da ake tara kabewa a garin Half Moon Bay, da niyyar wata rana zai gyara. Ya yi ta sayen kayan gyara yana jibgewa cikin akwatuna, shekaru suna wucewa, aikin bai fara ba.

Takarda guda

Duk tsawon wannan lokaci masana tarihin motoci sun san Elvis ya taɓa mallakar 507, domin ga hotuna nan, amma ba su tabbatar da ko wacce ce ba. Abin da ya rikita su shi ne lambar da aka yi mata rajista da ita ta rundunar sojan Amurka ce, wadda akan canja kowace shekara, saboda haka lambar da ke cikin hoto ba ta kai mai bincike ko'ina.

Wata 'yar jarida ta mujallar Bimmer ta Amurka ce ta bi diddigin al'amarin, ta haɗa abin da aka rubuta game da motar Hans Stuck da abin da aka sani game da ta mawaƙin, ta nuna cewa alamu na cewa mota ɗaya ce. Injiniyan ya karanta, ya aiko da labari cewa 70079 tana wurinsa. Abin da ya yanke gardama daga bisani shi ne kwafen takardar neman inshora ta watan Disamba, 1958, wadda ma'aikatan sashen tarihi na BMW suka samu, ga lambar 70079, ga kuma sunan mai mota, Elvis Aaron Presley.

Yana da kyau ma'aikacin gwamnati ya tsaya a nan ya yi tunani. Akawun da ya cika wannan takarda bai san yana rubuta tarihi ba, aikin yini kawai ya yi, wani kuma ya sa ta a fayil bai jefar ba. Ba domin su ba, da abin da ke cikin siton kabewa tsohon ƙarfe ne marar inji, wanda a Kaduna da tuni ya isa kasuwar Panteka an auna shi a sikeli. Darajar irin waɗannan motoci tana bin sahihancin tarihinsu ne ƙafa da ƙafa. Wata 507, wadda zakaran tseren Ingila John Surtees ya riƙe tun tana sabuwa a 1957 har rasuwarsa a 2017, an sayar da ita a gwanjo a 2018 a kan fam miliyan 3.8, babban dalili kuwa shi ne ba a taɓa shakkar hannun da ta zauna ba.

Tambayar da ta dace a yi a nan gida ita ce, ina takardun motocinmu na tarihi suke? Kamfanin Fijo da ke Kakuri, maƙwabcin unguwar Television, ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 da ya riƙa fitarwa ta zama motar ma'aikata da ta ofisoshin gwamnati shekara da shekaru. Cikinsu akwai waɗanda suka ɗauki gwamnoni da sarakuna da alƙalai a ranakun da suka shiga littattafan tarihi. Idan motar ofis ta tsufa akan yi gwanjonta, mai saye ya tafi da ƙarfe, fayil ya tsaya a ofis. Daga ranar da aka raba su, ita motar ta zama kamar kowace, shi kuma fayil ya zama takardar da ba ta da sauran amfani a idon mai share sito. Ga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ga Gidan Arewa, amma sai abin da aka kai musu za su adana. Ɗalibin tarihi da ke neman batun bincike zai sami aiki mai yawa a wannan fage.

Aikin gyara

Bayan doguwar tattaunawa, injiniyan ya yarda motar ta koma hannun BMW, bisa sharaɗin a mayar da ita yadda take a 1958. A 2014 aka sa ta cikin kwantena tare da kayan gyaran da ya tara, aka kai ta Munich. Kafin a taɓa ta sai da aka nuna ta a gidan tarihin kamfanin yadda aka same ta: ba inji, ba akwatin giya, ba allon agogunan direba, tsatsa ta ci ƙasanta, kujeru sun yage.

Aikin ya ɗauki kusan shekara biyu. An raba jikin alminiyam da ƙasan ƙarfe, aka tsoma kowanne cikin ruwan magani na musamman don fenti ya fita ba tare da an kankare ba, domin kankara tana cin alminiyam. Wuraren da aka yanke a Alabama aka sake ƙera su bisa awon asali. Ƙarfen kujeru na da aka cire masa tsatsa aka mayar, aka shimfiɗa masa tabarmar zaren kwakwa irin wadda ake sawa a wancan zamani, sa'an nan aka rufe da sabuwar fata. Allon gaban direba sabo aka zuba. Hannayen ƙofa da na murɗa gilashi ba su samuwa ko'ina, saboda haka aka auna na asali da na'ura, aka fitar da irinsu da injin nan mai buga abu da siffarsa. Fenti kuma ba a fesa shi da hanyar yau ba, an bi matakan da ake bi a shekarun 1950.

A kan fentin ne za a iya yi wa masu gyaran tambaya. Farar mota suka mayar, yadda ta fito daga ma'aikata, yadda Hans Stuck ya yi tsere da ita, yadda kuma Elvis ya karɓe ta. Amma jan fenti shi ne abu guda da ake dangantawa da mawaƙin kansa, ga shi kuwa ya tafi cikin ruwan magani, tare da tabon aikin mutumin Alabama. Mai gyaran tsohon abu ba ya iya mayar da shi ga dukan shekarunsa, dole ya zaɓi shekara ɗaya ya shafe sauran. A Nijeriya an taɓa yin zaɓin da ya saɓa wa wannan, kuma shi ne daidai a wurinsa. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta a Legas ran 13 ga Fabrairu, 1976, an ajiye ta a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan da ramukan harsashi a jikinta. Duk mai gyaran bodin da ya toshe waɗannan ramuka ya lalata ta ne, ko da aikinsa ya yi kyau. Zaɓin BMW yana da hujja, tun da haka mai motar ya nema, kuma sun kyauta da suka fara nuna ta da tsatsarta, suka ɗauki hotuna, kafin su shafe.

Inda suka fi cancantar yabo shi ne wajen inji. Sun haɗa sabo daga kayan gyara na asali, daidai da wanda ya ɓace, kuma ba abin da zai hana su buga masa tsohuwar lambar, ba mai ganewa. Ba su buga ba. Sun bar shi babu lamba, domin duk wanda ya buɗe gaban motar nan gaba ya san wannan ba shi ne injin da ya ɗauki Stuck da Elvis ba.

Ran 21 ga Agusta, 2016, aka nuna 70079 a bikin tsofaffin motoci na Pebble Beach a Kalifoniya, jihar da ta yi shekara 46 a cikinta. Injiniyan da ya ajiye ta bai ga wannan rana ba, domin ya rasu cikin Nuwamba na 2014, yana da shekara 77, 'yan watanni bayan motar ta isa Munich.