Mukullin Rumbun Gajimare: Rubuta Dokokin Tsaro da Harshen Kwamfuta

A watan Yuni na shekarar 2017 wani mai binciken tsaron kwamfuta ya yi kiciɓis da bayanan masu jefa ƙuri'a kimanin miliyan 198 na ƙasar Amurka, suna zube a intanet babu kalmar sirri. Ba wanda ya fasa komai. Kamfanin Deep Root Analytics ne ya ajiye su a rumbun S3 na Amazon, aka kuma bar ƙofar izini a buɗe, ta yadda duk wanda ya san adireshin zai iya kwasa.

Shi dai abin da ake kira gajimare ba a sama yake ba. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, mallakar kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, waɗanda ke ba da hayar wurin ajiyar bayanai. Tsaron gini da injuna yana wuyan kamfanin, amma mai haya shi ne zai faɗi wanda zai shiga rumbunsa da abin da zai taɓa. Ana iya yin wannan da hannu, ma'aikaci ya yi ta danna maɓallai a allo. Idan rumbu ɗaya ne babu laifi. Idan suka kai ɗari, mantuwa za ta shigo, kuma bayan wata shida ba mai tuna wanda ya canza me.

Saboda haka masana suka koma rubuta dokokin izini a fayil, cikin sigar da mutum da na'ura duk za su iya karantawa. A tsarin Amazon ana amfani da sigar JSON, kuma kowane saƙo na dokar yana amsa tambayoyi ne: wane ne, wane aiki, a kan wane kaya, an yarda ko an hana. Alal misali, shugaban ɗakin bincike zai iya rubuta cewa ɗalibai su karanta sakamakon gwaji, amma kada su goge shi. Ƙa'idoji biyu ne ke riƙe da tsarin. Duk abin da ba a ambata ba, hanannen abu ne. Idan kuma yarda da hani suka haɗu a kan aiki guda, hani ke rinjaye. Ɗalibin ilmin halittu zai tuna da fatar ƙwayar halitta, wadda sukari ba ya ratsa ta sai ta ƙofar furotin da aka keɓe masa.

Manhajoji irin su CloudFormation, wadda ta fito a 2011, da Terraform ta 2014, su ke aiwatar da rubutun. Mutum ya bayyana yadda yake son rumbun ya kasance, manhajar ta kwatanta da yadda yake a yanzu, ta nuna canjin da za ta yi kafin ta taɓa komai. Ana ajiye fayil ɗin a Git, inda kowane gyara ke ɗauke da sunan mai shi da ranar yin sa, abokin aiki kuma ya duba kafin a amince. A ganina wannan dubawar ta fi duk sauran amfani, domin kuskuren da ke rubuce ana iya ganin sa.

Sai dai fa na'ura ba ta san nufin marubuci ba. A cikin waɗannan dokoki alamar tauraro tana nufin "duka". Mai gaggawa ya sa ta a gurbin aiki, ya ba da izinin komai ke nan. Idan kuma aka kwafi fayil ɗin zuwa rumbuna hamsin, kuskuren zai bi su duka, kamar yadda sauyi a DNA ke bin kowace ƙwaya da ta tsage daga ta farko. Shi ya sa ake koyar da a ba kowa mafi ƙarancin izinin da aikinsa ke buƙata, ake kuma sa manhaja irin Open Policy Agent ta tace fayil, ta ƙi wanda ya saɓa wa sharaɗi.

Bankin Capital One ya ɗanɗana kuɗar sakaci da wannan a 2019. Wata mai kutse ta bi ta katangar tsaro da ba a daidaita ta daidai ba, ta samu mukullin wata na'ura mai faffaɗan izini, ta kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 106 a Amurka da Kanada. A 2020 hukuma ta ci bankin tarar dala miliyan 80. Tun daga watan Afrilu na 2023 kowane sabon rumbun S3 a rufe yake zuwa ga jama'a, sai mai shi ya buɗe da gangan.