Mutanen da HIV ba ta samun ƙofa a jikinsu

Ƙwayar cutar HIV ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Dole sai ta kutsa cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4, kuma mafi yawan nau'o'inta suna bi ne ta wata ƙofa mai suna CCR5. A shekarar 1996 masu bincike suka gano cewa akwai mutanen da aka haifa ba su da wannan ƙofa, saboda haruffa 32 sun ɓace daga umarnin gado da ke ƙera ta. Ana kiran wannan sauyi CCR5-delta 32. Ku ɗauka kamar waya ce da ba ta da ramin da kebul zai shiga: duk ƙoƙarin ƙwayar cutar, a waje take tsayawa.

Sai wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba duka ne ke samun wannan kariya, kuma ko shi ba cikakkiya ba ce, domin akwai nau'in HIV da ke bi ta wata ƙofar daban, CXCR4. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne a arewacin Turai ke da shi. A Afirka kuwa, inda cutar ta fi ɓarna, da ƙyar ake samunsa.

Wanda ya fara cin gajiyar wannan sirri shi ne Timothy Ray Brown, Ba'amurke mazaunin Balin, mai ɗauke da HIV da kuma sankarar jini. A 2007 likitansa, Gero Hütter, ya nemo masa mai ba da ɓargo da ke da sauyin daga ɓangarori biyu. Bayan dashen, Brown ya daina shan magani, kuma ƙwayar ba ta dawo ba har ya rasu a 2020, sankarar ce ta yi ajalinsa. A 2019 aka sanar da na biyu a Landan, Adam Castillejo, wasu ƙalilan kuma suka biyo baya.

To me ya hana a yi wa kowa? Dashen ɓargo kan kashe mutum. Sai an rusa garkuwar jiki da magunguna masu ƙarfi kafin a dasa sabuwa, don haka ba a yin sa sai ga wanda sankara ke barazana ga ransa. Wanda ke shan maganinsa kullum yana rayuwa lafiya, babu likitan kirki da zai jefa shi cikin wannan haɗari.

Shi ya sa ido ya koma kan CRISPR, wata fasaha mai aiki kamar almakashi, da ke yanke wurin da aka zaɓa a umarnin gado. Burin shi ne a toshe ƙofar a ƙwayoyin majiyyaci da kansa, ba sai an nemo ɓargon wani ba. Wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya yi gaggawa: a 2018 ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya taɓa musu CCR5 tun suna ɗan tayi. Duniya ta yi masa ca, kotu ta ɗaure shi shekara uku.

Gwaje-gwajen da ake yi a kan manya na ci gaba, amma har yanzu babu wanda aka amince da shi a matsayin waraka. Saƙonnin "an samo maganin ƙanjamau" da ke yawo a WhatsApp sun riga kimiyya nisa. A Nijeriya, binciken 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da cutar sun kai miliyan 1.9, kuma abin da ke riƙe da su shi ne maganin da ake karɓa a asibiti.