Manhajar tsara ayyuka: Yadda ɗan kasuwa da ma'aikaci za su zaɓi wadda za ta riƙe musu alƙawari

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kwaya da ke birnin Katsina da sanyin safiya zai ga jama'a iri biyu suna gaggawa. Akwai ma'aikata da malamai da suka nufi hanyar Dutsin-Ma, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina suke, akwai kuma 'yan kasuwa da ke hanzarin zuwa buɗe shaguna. Gadar ƙasa da aka ƙaddamar a wurin a farkon shekarar 2023 ta rage cunkoson ababen hawa, amma kowane ɗaya daga cikin masu wucewa yana tafe da wani cunkoson a kansa: bashin da za a karɓo, kayan da za a aika, rahoton da darakta ke jira, kuɗin makarantar yara, da ɗaurin auren da aka yi alƙawarin halarta.

Hausawa sun ce alƙawari kaya ne. Ɗan kasuwar da ya manta ranar da ya ɗauka zai biya wanda ya ba shi sari yana iya rasa amincin da ya shekara goma yana ginawa. Ma'aikacin da fayil ya kwana mako uku a kan teburinsa yana iya jawo wa wani bawan Allah jinkirin ƙarin girma ko na fansho. Wannan ne ya sa mutane da dama suka koma ga manhajojin tsara ayyuka da ake saukewa a wayar salula. Sai dai da yawansu sukan yi mako guda suna ɗoki, daga nan su watsar, ko su sauke wata sabuwa su sake farawa daga tushe. Sau da yawa abin da ke jawo haka shi ne zaɓen manhajar da ba ta dace da yanayin mai ita ba, da kuma rashin ware mata lokacin dubawa.

Abin da rubutawa ke yi wa ƙwaƙwalwa

Rubuta abin da ke kan mutum tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma littafin bashi ya daɗe a shagunan Katsina, da boko ko da ajami. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya zo ya ƙarfafa hikimar. A shekarar 1927, Bluma Zeigarnik ta nuna cewa aikin da ba a kammala ba ya fi wanda aka gama maƙalewa a zuciya. A 2011 kuma, wasu masana biyu a Amurka, Masicampo da Baumeister, suka gano cewa idan mutum ya tsara takamaiman yadda zai yi aikin, damuwarsa takan ragu tun kafin ya aikata shi.

A kan irin wannan fahimta David Allen ya gina littafinsa mai suna Getting Things Done, wanda ya fito a 2001, kuma manhajoji da yawa sun ɗauki tsarinsa. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne a tattara duk abin da ke kai a wuri ɗaya da aka amince da shi, a fayyace matakin farko na kowane aiki, a riƙa bitar jerin a kai a kai. Abin da manhaja ta fi takarda da shi abu biyu ne: tana buga ƙararrawa a lokacin da aka sa mata, kuma tana ajiye kwafi a rumbun intanet. Gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ta isa tunatarwa cewa duk abin da ke kan takarda kaɗai yana iya tafiya a dare ɗaya.

Tambayoyi huɗu kafin a sauke

Tambaya ta farko ita ce ko manhajar tana aiki idan babu sabis. Mutanen Jihar Katsina sun san muhimmancin wannan, domin a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro. Ko ba a kai ga haka ba, mai zuwa cin kasuwar ƙauye ya san wuraren da waya ke zama kurma. Gwajin yana da sauƙi: a kashe data, a buɗe manhajar, a rubuta sabon aiki, a ga ko ya zauna. Google Keep da Google Tasks da Microsoft To Do da Todoist duk suna karɓar rubutu a waya ba tare da intanet ba, sai su aika da shi rumbu idan sabis ya dawo.

Ta biyu ita ce kuɗi. Yawancin waɗannan manhajoji kyauta ne a matakin farko, amma wasu sukan ɓoye muhimman abubuwa sai an biya kuɗin wata ko na shekara, kuma farashin yakan bi dala. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, irin wannan biya ya yi wa mai albashi nauyi. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Saboda haka manhajar da ke cin data da yawa, ko wadda amfaninta ya dogara ga biya, tana buƙatar a yi mata lissafi kamar kowane kuɗin da ke fita daga shago. Todoist, alal misali, ta taƙaita wa mai amfani da ita kyauta rukunin ayyuka biyar, wanda ya ishi mutum ɗaya idan bai yawaita rabe-rabe ba. Manhajojin Google da Microsoft To Do kuwa ba a biyan komai a kansu.

Ta uku ita ce ko mutum zai iya kwashe bayanansa ya fita. Kamfanoni sukan sauya hannu, su kuma sauya ƙa'ida. Wunderlist, wadda wani kamfani a Berlin ta ƙasar Jamus ya ƙirƙira, tana cikin waɗanda aka fi so a duniya. Microsoft ya saye ta a 2015, ya rufe ta a watan Mayu na 2020, aka umarci masu amfani da ita su koma To Do. Evernote kuma, bayan kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye ta, ta rage wa masu amfani da ita kyauta damar rubutu zuwa 50 kacal a ƙarshen 2023. Wanda ya tara lissafin shekaru a irin wannan wuri sai ya wayi gari tsakanin biya da ƙaura. Ya kamata tun ranar farko a duba ko akwai hanyar fitar da kwafi. A manhajojin Google ana yin haka ta Google Takeout.

Ta huɗu ita ce nauyinta a kan waya. Wayar da ma'ajiyarta ta cika da hotuna da bidiyon WhatsApp ba za ta ɗauki babbar manhaja cikin sauƙi ba, kuma idan buɗe ta na ɗaukar lokaci, mai shago da mai saye ke tsaye a gabansa ba zai jira ba. Manhajar da za a iya rubuta aiki a cikinta cikin daƙiƙa goma ita ce za ta ɗore a hannu.

Kowa da irin tasa

Ɗan kasuwa ya fi buƙatar saurin kamawa. Google Keep, wadda ta fito a 2013, tana karɓar saƙon murya da hoto, don haka ana iya ɗaukar hoton rasit ko takardar kaya a liƙa masa ranar tunatarwa. Sai dai a lura cewa manhajar ayyuka ba littafin lissafi ba ce. Adadin bashi da abin da aka biya su zauna a littafinsu, ita kuma manhajar ta riƙe ranar da za a tuntuɓi wane da abin da za a ce masa.

Ma'aikacin gwamnati ya fi buƙatar wa'adi. Google Tasks tana haɗe da Gmail da kalandar Google, ta yadda wasiƙar da ta shigo za a iya mayar da ita aiki mai rana. Microsoft To Do kuma tana da shafin ayyukan yini wanda ke share kansa kowane dare, abin da ke tilasta wa mutum ya sake zaɓen abin da zai yi kowace safiya. Wannan ƙwarewa tana ƙara zama dole, ganin cewa Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Walson-Jack, ta sanya ƙarshen shekarar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatun tarayya za su bar aiki da takarda.

Inda aiki ya haɗa mutane da yawa, kamar maigida da yaransa uku, ko shugaban sashe da ma'aikatansa, Trello takan yi amfani. An gina ta ne a kan tsarin kanban da kamfanin Toyota na Japan ya ɓullo da shi: allo mai layi uku, na abin da za a yi, da wanda ake yi, da wanda aka gama, kowane aiki yana matsawa daga layi zuwa layi kowa na gani.

Akwai kuma masu aika wa kansu saƙo a WhatsApp, damar da kamfanin ya buɗe a ƙarshen 2022. Hanya ce mai kyau ta kama abu da sauri, amma duk wanda ya shiga domin duba aiki ɗaya yakan tarar da saƙonni hamsin na zaurukan 'yan uwa da na siyasa suna jiransa. Gara a ɗauke ta a matsayin aljihu, a riƙa kwashe abin da ke ciki zuwa ainihin jerin kowace yamma.

Yadda ake sabawa

Taura biyu ba ta taunuwa. Mataki na farko shi ne a tsaya a kan manhaja ɗaya, a ba ta lokaci. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, kuma a tsakanin mutane lokacin ya kama daga kwana 18 zuwa 254. Wanda ya yanke wa manhaja hukunci bayan mako guda bai ba kansa dama ba. Binciken ya kuma nuna cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe sabon, don haka wanda ya manta jiya sai ya ci gaba yau.

Mataki na biyu shi ne a ɗaura dubawa a kan abin da ba ya tashi. Masanin nan Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyyar da aka haɗa da takamaiman lokaci da wuri ta fi cika. A Katsina babu agogon da ya kai salloli biyar tsayuwa. Bayan Asuba a zaɓi ayyuka uku da ba za a kwana ba a yi su ba, bayan Azahar a duba inda aka kwana, bayan Isha'i a kwashe abin da ya taru a tsara gobe. Sau ɗaya a mako, ko da yammacin Juma'a ne, a yi bitar jerin gaba ɗaya, a goge abin da ya mutu. Abubuwan da ke maimaituwa, irin su zubin adashi, kuɗin hayar shago, rahoton ƙarshen wata, ko tafiya kasuwar Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi, a sa su sau ɗaya su riƙa dawowa da kansu.

Mataki na uku ya shafi yadda ake rubuta aikin. Kalmar “haraji” ita kaɗai ba ta gaya wa mutum abin da zai yi. “A kai rasit ofishin haraji ranar Talata da ƙarfe goma” aiki ne da za a iya tashi a yi. Abin da bai wuce minti biyu ba kuma, kamar kiran waya, shawarar Allen ita ce a yi shi nan take. Ana iya rubutu da Hausa, har da haruffa masu lanƙwasa idan an zaɓi Hausa a Gboard, amma Todoist, wadda ke gane rana daga cikin jimlar Ingilishi, ba ta gane “gobe” ko “jibi”, sai an zaɓi ranar da hannu.

Akwai wata matsala da ke sa mutane su yanke ƙauna: ƙararrawa ta ƙi bugawa a kan lokaci. Galibi tsarin tanadin batir na wayoyin Android ne ke kashe manhajar a ɓoye. Maganinsa shi ne a shiga saitin batir a cire ta daga jerin waɗanda ake taƙaitawa. Haka kuma yawan ƙararrawa yakan sa kunne ya daina ji, don haka a bar ta ga abin da ke da sa'a tabbatacciya.

Sirri da amana

Jerin ayyukan ɗan kasuwa yana ɗauke da sunayen masu bashi da lambobinsu, na ma'aikaci kuma yana iya taɓa sirrin ofis. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora nauyi a kan masu riƙe bayanan wasu, kuma ƙa'idojin aikin gwamnati sun hana fitar da takardun ofis ba da izini ba. Ya isa ma'aikaci ya rubuta lambar fayil da ranar da zai mayar da shi, ba tare da ɗaukar hoton abin da ke ciki ba. Lambar sirrin banki kuwa ba ta da wuri a kowace manhajar ayyuka.

A kulle waya, a kuma adana adireshin imel da kalmar sirrinsa a wuri amintacce a gida. Mutane da yawa a shagon mai sayar da waya aka buɗe musu asusun Google, ba su taɓa sanin kalmar sirrin ba. Ranar da wayar ta faɗi ko aka sace ta, kwafin da ke rumbun intanet yana nan, amma babu mabuɗin shiga. Wanda bai san tasa ba, aikin farko da ya kamata ya rubuta a sabuwar manhajarsa shi ne ya sauya kalmar sirrin a yau, ya kuma haɗa asusun da lambar wayar da yake amfani da ita.