Gado Mai Hawa Biyu

A gidajenmu da yawa yara biyu ko uku ne ke kwana ɗaki ɗaya. Yara suna girma, ɗaki kuwa ba ya girma. Gina sabon ɗaki sai da kuɗi, sai da fili. Saboda haka waɗansu masu gida sukan sayi gado mai hawa biyu, watau gado bisa gado, irin wanda mu ke gani a makarantun kwana da barikin soja. Wannan gado yana da amfani ƙwarai. Amma yana da hatsari ga wanda ya saye shi da ka. A wannan darasi za mu ga yadda za mu zaɓe shi.

Amfaninsa

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce ɗakin yara tsawonsa ƙafa 10 ne, faɗinsa ƙafa 10. Idan muka ninka 10 sau 10, mun sami 100. Gadon mutum ɗaya tsawonsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 3, watau 18 ke nan. Gado biyu a ƙasa za su ci 36 daga cikin 100. Idan aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, 18 kaɗai za su ci. Ragowar 18 ɗin ta isa a sa akwatin tufafi da ɗan tebur na karatu.

Akwai amfani na biyu. Malamanmu sun koya mana a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10. Da wannan gado kowane yaro yana da shimfiɗarsa da mayafinsa. Wa da ƙane sai su yi amfani da shi, haka ya da ƙanwa. Namiji da mace kuwa, in sun tasa, gara a raba musu ɗaki in da hali.

Mu fara da awon ɗaki

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a nan kima ba ta isa ba, sai an auna. Kafin mu je wurin kafinta ko mai walda, mu auna tsawon ɗakin da faɗinsa, sa'an nan mu auna daga ƙasa zuwa rufi.

Gadon sama yakan yi nisan kamar ƙafa 5 daga ƙasa. Katifa takan ƙara rabin ƙafa. Yaron da ke sama yana bukatar ƙafa biyu da rabi ko 3 a bisansa, don ya iya tashi zaune ba tare da ya buga kai ba. Ashe ke nan ɗakin da rufinsa bai kai ƙafa 8 ba bai dace da wannan gado ba. Haka kuma bukka, domin bangonta zagayayye ne, jinkarta kuma tana gangarowa ƙasa ta wajen bango. A irin wannan ɗaki gara a yi gajeren gado wanda a ke tura shi ƙarƙashin babba da rana, a jawo shi da dare.

Mu auna ƙofa kuma. Gadon ƙarfe da aka yi masa walda gaba ɗaya ba ya kwancewa. In ya ƙi shiga ƙofa, an yi asarar kuɗi. Wanda aka haɗa da noti ya fi, domin ana iya kwance shi a shigar da shi guntu-guntu.

Shinge shi ne babban abu

Yaro ba ya kwana wuri ɗaya. Yana juyi, yana birgima. Wanda ya faɗo daga ƙafa 5 bisa daɓe ko siminti yana iya karya hannu, ko ya fasa kai. Don haka lalle gadon sama ya kasance da shinge ta kowane gefe huɗu, har da gefen bango. Kada mu ce bango ya tare. Gado yakan matsa da dare, yaro ya zurma tsakaninsa da bango.

A ƙasar Amurka an kafa doka a kan irin wannan gado a shekarar 2000, bayan da yara suka yi ta maƙalewa a cikinsa suna mutuwa. Awo biyu na cikin dokar nan suna da amfani gare mu.

Na fari, shinge ya ɗara saman katifa da inci 5 ko fiye. Mu lura, daga saman katifa a ke aunawa, ba daga katako ba. Idan muka sa katifa mai kauri da yawa, ta cinye shingen, ya zama kamar babu. Katifar sama kada ta wuce kaurin inci 6, kuma ta cika gadon daidai, ba rata a gefe.

Na biyu, ratar da ke tsakanin sandunan shinge kada ta wuce inci uku da rabi. Ga dalili. Ƙaramin yaro kansa ya fi ƙirjinsa kauri. Idan ratar ta yi faɗi, ƙafafunsa da jikinsa su wuce, kai ya ƙi wucewa, ya rataye ta wuya. Cikin dare ne, kowa na barci, ba mai ji.

Ga dabara mai sauƙi. Mu sami kara biyu, mu roƙi kafinta ya yanka mana ɗaya inci 5, ɗaya inci uku da rabi. Mu riƙe su mu tafi kasuwa. Mu tsai da dogon bisa katifa. In ya fi shinge tsawo, shingen ya gaza. Mu gitta gajeren tsakanin sanduna. In ya shige, ratar ta yi yawa. Wannan ba ya bukatar karatu mai zurfi.

Wa zai kwana a sama?

Yaron da bai kai shekara 6 ba kada ya kwana a sama, kome kukansa. Babba a sama, ƙarami a ƙasa. Yaron da ke da farfaɗiya, da mai tashi yana tafiya cikin barci, da mai yawan fita fitsari da dare, duk wurinsu ƙasa ne. Mutum ɗaya ne ke kwana a sama, ba biyu ba. Mu hana su tsalle da kokawa a can.

Katako ko ƙarfe?

Kowanne da nasa hali. Idan katako ne, mu nemi mai ƙarfi irin madaci, kuma busasshe. Ɗanyen katako yakan tsuke da hunturu, mahaɗai su saki, gado ya riƙa rawa. Katako kuma yana da abokan gaba biyu, gara da kuɗin cizo. A ɗaki mai daɓen ƙasa mu sa faffaɗan dutse ƙarƙashin kowace ƙafa, don kada ta nutse, don kuma mu ga hanyar gara tun da wuri. Kuɗin cizo kuwa a tsagar katako ya ke ɓuya. Mu riƙa fid da katifa rana, mu kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗai.

Ƙarfe gara ba ta cinsa. Amma mu duba walda da kyau, kada a sami tsaga ko tsatsa. Mu shafa hannu ko'ina, kada a bar kaifi ko tsinin da zai yanki yaro.

Kowanne muka zaɓa, mu kama shi da hannu biyu mu girgiza. In ya yi rawa a kasuwa, zai fi haka a gida. Mu leƙa ƙarƙashin gadon sama, mu tabbata an kafe allunan da ke ɗauke da katifa, ba jera su kawai aka yi ba, domin akwai yaro kwance a ƙasa. Tsani kuma a kafe shi jikin gado. Babban mutum ya hau ya gwada kafin a biya kuɗi.

Iska da sauro

Iska mai zafi sama ta ke tashi. A ɗakin kwano marar silin na sama zai sha zafi da bazara, don haka lalle ɗakin ya kasance da taga. Ɗora gado bisa gado yana ƙara fili, amma ba ya ƙara iska. Cunkoso a rufaffen ɗaki yana taimakon sanƙarau da ƙyanda da tarin fuka su yaɗu. Amma kada a jingina gadon da taga, kada kuma a sa shi ƙarƙashin fanka.

Kowane hawa a sa masa nasa gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. A ɗaure igiyoyinsa gajeru. Kada a rataya igiya ko ɗamara ko jaka mai dogon hannu a jikin gadon sama. Fitilar kananzir da kyandir kada su hau sama ko kusa, tocila ta isa.

Bayan an kafa gado, mu riƙa duba shi wata-wata. Notin da ya saki mu ɗaure, sandar da ta karye mu gyara a ranar. In kuɗinmu bai kai na gado mai shinge ba, mu haƙura tukuna. Ba a faɗowa daga tabarma.

Tambayoyi

1. Shekara nawa yaro zai kai kafin ya kwana a gadon sama?
2. Don me a ke sa shinge har ta gefen bango?
3. Ɗaki tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 9. In aka sa gado mai hawa biyu guda ɗaya, fili nawa ya rage?
4. Ku auna ɗakin yaranku yau, ku rubuta awon, ku zo da shi aji.